Wat 15 ko wat 100: Makaɗan jita, ku daina sayen amfilifayar da ta fi ƙarfin ɗakinku

Duk wanda ya taɓa raka makaɗin jita sayen amfilifaya, a kasuwar Alaba ta Legas ne ko a shagunan kayan sauti na Sabon Gari a Kano, ya san tambayar da ake fara yi: "Wat nawa ce?" Idan mai shago ya ce 100, sai ka ga fuskar mai saye ta washe. Idan ya ce 15, sai ya kau da kai kamar an nuna masa kayan wasan yara.

Wannan tambaya tana cinye wa matasanmu kuɗi, tana cinye wa majami'u da ƙananan situdiyo kuɗi, tana kuma cinye wa mutane kunnuwa. Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan masu kaɗa jitar lantarki a wannan yanki namu, ƙaramar amfilifaya mai bawul, daga wat 5 zuwa wat 20 da 'yan kai, ta fi babba amfani. Akwai inda babbar ke da gaskiya, kuma zan zo kansa. Amma wuraren ba su kai yawan da masu shago ke so mu ɗauka ba.

Ga wanda bai san bawul ba, wasu 'yan kwalabe ne na gilashi da aka zuƙe wa iska, masu yin ja kamar garwashi idan aka kunna su. Su ne ke cikin tsofaffin akwatunan rediyo na zamanin kakanninmu, waɗanda sai an jira sun ɗumama kafin su yi magana. Bayan ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, sannu a hankali bawul ya ɓace daga rediyo da talabijin. Makaɗan jita ne suka ƙi sakin sa, kuma suna da dalili.

Dalilin shi ne yadda bawul ke yi idan aka matsa masa. Amfilifayar taransista ta gargajiya, idan ka ƙure ta, sautinta yakan tsage, ya yi kaushi mai cizon kunne. Shi kuwa bawul a hankali yake sallamawa: sautin ya yi kauri, ya ɗan dushe kamar muryar mawaƙin da ya kwana yana waƙa, tsirkiya ta riƙa jan amo ba ta saurin mutuwa. Ka taɓa a hankali ta yi garau, ka daka da ƙarfi ta yi gurnani, duk da yatsa ɗaya ba tare da ka taɓa wani maɓalli ba. Wannan shi ne abin da ake biyan kuɗi dominsa.

To ga matsalar. Bawul ba ya ba da wannan sai an tura shi kusa da iyakar ƙarfinsa. Amfilifaya mai wat 5 tana isa wurin a ƙarar da ɗaki zai iya ɗauka. Mai wat 100 ba ta isa sai gilasan tagogi sun fara rawa. Saboda haka wanda ya sayi mai wat 100 don majami'a mai mutum 200, zai ƙare yana kaɗa ta a lamba 1 ko 2, inda sautinta yake siriri, ba jini a jika. Ya biya kuɗin doki, yana tafiyar jaki.

Lissafin da mai shago ba zai yi maka ba

Yawancinmu mun ɗauka wat 100 ta ninka wat 50 ƙara sau biyu. Ba haka kunne yake ji ba. Ana auna ƙara da desibel, kuma ƙa'idar ita ce: idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Ana jin bambancin, amma kaɗan ne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato sai an ninka wat sau goma.

Ma'ana, idan sifika iri ɗaya aka haɗa musu, mai wat 50 ce ta ninka mai wat 5 ƙara. Tsakanin wat 15 da wat 100 kuwa kimanin desibel 8 ne, ko ninki biyu bai cika ba.

Sannan wat ɗaya ma ba abin rainawa ba ne. Sifikar jita mai inci 12 irin Celestion Vintage 30 tana ba da desibel 100 daga wat ɗaya tak, idan aka auna a tazarar mita ɗaya. Ba ta wat 5, ta kai wajen 107. Ba ta wat 15, ta doshi 112. Duk wanda ya taɓa ƙure amfilifaya mai wat 15 a cikin ɗaki ya san maƙwabta na zuwa ƙwanƙwasa ƙofa. Sau da yawa abin da ke sa ƙaramar amfilifaya ta yi sauti kamar daga cikin gwangwani, 'yar sifikar da aka sa mata ce mai inci 6 ko 8. Haɗa ta da akwati mai sifika inci 12, za ka rantse wata aka kawo.

Manyan amfilifayoyi ba don ado aka ƙera su ba, wata matsala ce ta haife su. A ranar 15 ga Agusta, 1965, ƙungiyar The Beatles ta yi wasa a filin Shea da ke New York a gaban mutum kimanin 55,000. Kamfanin Vox ya ba su amfilifayoyi masu wat 100, amma ihun 'yan kallo ya shanye komai, har su kansu ba su jin abin da suke kaɗawa. A lokacin babu manyan na'urorin sauti na filin wasa irin na yau. Abin da amfilifayarka ta fitar, shi ne abin da na bayan fili zai ji.

A wannan shekarar ce Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya matsa wa Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a Landan, ya ƙera masa mai wat 100. Daga nan aka samu jerin akwatunan nan da ake ɗorawa kan juna, kowane da sifika huɗu, waɗanda suka zama tambarin kiɗan rok. Hotunansu ne suka zagaya duniya, su ne kuma har yau suke cikin kan yaron da ke tara kuɗi a Jos ko Kaduna don ya sayi "babba".

Amma matsalar da ta haife su ta daɗe da mutuwa. Yau ko ƙaramar majami'a tana da miksa da lasifikoki. Ka ajiye makirufo ɗaya, irin Shure SM57 da ake ƙerawa tun 1965, a bakin sifikar ƙaramar amfilifaya, lasifikokin zauren su ɗauki sauran aikin. Neil Young ya shafe shekaru da dama yana cika manyan filaye da wata tsohuwar Fender Deluxe ta 1959 wadda ƙarfinta bai wuce wat 20 ba.

Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya yi suna, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake iya rufewa da tafin hannu. Da shi ya cika zauruka a gida da waje. Ba wanda ya taɓa ce masa ya nemo kuntigi mai girman turmi don taro ya yi yawa. Makirufo aka matso masa.

A cikin situdiyo ma abin ya fi fitowa fili. Yawancin jitar da ke cikin faifan Layla na Eric Clapton, wanda aka ɗauka a Miami a 1970, ta fito ne daga Fender Champ, 'yar mitsitsiya mai wat 5. Jimmy Page ya ɗauki faifan farko na Led Zeppelin, wanda ya fito a 1969, da wata ƙaramar Supro. Mutanen da aka sani da tsayawa gaban katangar sifikoki, da suka shiga ɗakin ɗaukar sauti sai suka koma ga ƙarama. Makirufo ba ya ganin girman akwati. Abin da ya sani shi ne ko bawul yana aiki da gaske ko yana gyangyaɗi. Mai situdiyo a unguwar Zoo Road da ke son sa jita ta gaske a waƙa, a ɗakin da bai wuce ƙafa goma sha biyu ba, me zai yi da wat 100?

Kunne ba ya da kayan gyara

A nan ne maganar ta wuce ta ɗanɗano. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka: desibel 85 na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. A desibel 94 awa ɗaya ke nan. A desibel 100, minti 15. A 106, ƙasa da minti 4.

Yanzu ka tuna atisayen mawaƙan majami'a na yammacin Asabar, awa biyu ko uku a ɗaki mai rufin kwano. Mai jita ya ƙara, mai ganga ya ga ba a jin sa ya ƙara, mai madannai ya bi, mai waƙa ta fara tsage maƙogwaro. Kowa ya fita kunne na yi masa shuuu. Wannan ƙarar da ke biyo ka gida alama ce ta rauni, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Pete Townshend ɗin nan da ya nemi wat 100, wanda ƙungiyarsa ta shiga kundin Guinness a 1976 da ƙarar desibel 126, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yana fama da matsalar ji.

Ba na cewa ƙarama ba ta cutarwa. Lissafin da ke sama ya nuna wat 15 ma ta isa ta yi ɓarna. Bambancin shi ne tana da rufi. Ba za ta iya shiga gasar ƙure ƙara ta yi nasara ba, don haka dole a koma ga mai miksa ya daidaita kowa, wanda dama aikinsa ne. Ana kuma iya ɗora ta kan kujera a karkata ta ga kunnen mai kaɗawa, maimakon ta riƙa harbin yaran da ke zaune a layin gaba.

Sai kuma maganar wuta, wadda Baturen da ke rubutu kan amfilifaya ba ya ko tuna ta. Wat ɗin da aka rubuta a gaban akwati shi ne abin da take fitarwa, abin da take sha daga bango ya fi haka sosai, domin ɗumama bawul kaɗai yana cin wuta ko ba a kaɗa komai. Mai wat 100 tana iya jan wat ɗari uku ko fiye. Ɗan ƙaramin janaretan nan na Tiger, wanda bai kai wat 1,000 ba, idan ka ɗora masa ita da miksa da fitilu, za ka ji yana tari. Kuma duk lokacin da wutar ta yi ƙasa ta yi sama, bawul da tiransifoma ne ke shan wahala. Mai wat 5 kuwa ba ta fi cin tsohon ƙwan fitila ba. Inbata da batiri ɗaya na sola za su riƙe ta har a tashi.

Gyara ma haka. Tsohuwar Champ bawul uku ne a cikinta gaba ɗaya, ɗaya ne kuma mai ba da ƙarfi. Idan ya mutu, ka zare ka cusa sabo. Fender Twin Reverb mai wat 85 tana da goma, huɗu daga ciki manya ne, kuma idan za a sauya su ana son a samo waɗanda aka auna suka dace da juna, sannan gwani ya daidaita wutar da ke ratsa su. Gwanaye nawa ne suka rage a garuruwanmu da suka san wannan aiki? Tsofaffin masu gyaran rediyo da suka koyi sana'a a kan bawul suna ƙarewa, na yanzu waya suka sani.

Bawul ɗin kansa ba a kowace ƙasa ake yin sa ba. Kusan duk wanda ake sa wa amfilifayar jita yau daga Rasha, Sulobakiya ko China yake fitowa. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022 aka shiga takun-saƙa kan fitar da kaya daga Rasha, farashinsa ya yi tsalle a duniya, shaguna suka yi ƙaf na wani lokaci. Wanda zai saya da naira ko sefa, ya biya kuɗin jirgi da kwastan, gara a ce guda biyu yake nema ba huɗu ba.

Ga kuma nauyi. Twin Reverb tana kusan kilo 30. Jerin Marshall cikakke, kai da akwati biyu, ya doshi nauyin buhun siminti biyu. Fender Blues Junior mai wat 15 kuwa kilo 14 ce, a riƙe ta da hannu ɗaya a shiga A Daidaita Sahu. Amfilifayar da sai an ɗauki hayar mota kafin ta fita, a gida za ta riƙa kwana, mai ita ya je wasa ya ari ta wani.

Inda babbar ke da gaskiya

Hujja mafi ƙarfi da masu son babba ke da ita ita ce tsabtar sauti. Ba kowane kiɗa ke son gurnani ba. Jitar hailaif, da ta Kwango, da yawancin kiɗan yabo na majami'a, so suke kowace tsirkiya ta fito garau kamar ƙararrawa ko da an daka da ƙarfi. Ƙaramar amfilifaya tana fara dushewa da wuri, kuma idan mai ganga mai hannu ne, wat 5 ba za ta tsaya garau a gefensa ba. Wannan gaskiya ne. Dalilin da ya sa aka ƙera Twin Reverb ke nan, kuma a wannan aiki ba ta da na biyu.

Amsata ita ce, wanda tsabta zalla yake nema, ya tsaya ya tambayi kansa ko bawul yake buƙata tun farko. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975 kuma makaɗa da yawa ke rantsuwa da tsabtarta, taransista ce. Ba ta neman bawul daga Rasha, ba ta jin haushin girgizar hanya kamar mai gilashi a ciki. Idan kuma lallai sai bawul, Deluxe Reverb mai wat 22 da makirufo a gabanta ta isa mafi yawan zauruka.

Mai jitar bes shi ma a bar shi da babbarsa. Sauti mai zurfi yana cin wat da yawa, wannan ba abin jayayya ba ne.

Wuri na uku shi ne fili, inda babu miksa babu lasifika. Ka duba Agadas, garin da ya fitar da Bombino da Etran de L'Aïr, inda jitar lantarki ta zama kiɗan biki. Ana kaɗawa a waje, ba bango da zai dawo da sauti, jama'a sun kewaye, mai ganga yana zuba ƙarfi. A irin wannan wuri mutum ya koma halin da The Beatles suka shiga a 1965: abin da akwatinka ya fitar shi ne kawai. Ba zan ce wa makaɗin biki a can ya je da wat 5 ba. Sai dai ko a nan, ƙura da zafi da wutar janareta sun sa taransista ta fi dacewa da aikin. Ko ta ina ka bi, babbar amfilifaya mai bawul ita ce ke zuwa ta ƙarshe.

Wasu za su ce ai manyan na yanzu suna da maɓallin ƙara na biyu, wanda ya yaɗu tun tsakiyar shekarun 1970, da ke ba ka gurnani a ƙasa-ƙasa. Haka ne, kuma na zamani suna yin abin kirki. Amma gurnanin daga ƙananan bawul na gaba yake fitowa, manyan huɗun da ka biya kuɗinsu suna zaune suna shan wuta. Akwai kuma wata na'ura da ake sawa tsakanin amfilifaya da sifika ta shanye ƙarfin ta mai da shi zafi. Wato ka sayi wat 100, ka ƙara sayen abin da zai zubar da 95. Ni dai ban ga dabara a nan ba.

Abin da ya rage, in za mu faɗa wa juna gaskiya, shi ne ido. Kwamitin majami'a da ya tara kuɗi yana son jama'a su ga abin da aka saya. Matashi yana son a gan shi tsaye gaban akwatin da ya kai masa kafaɗa. Ba laifi ba ne mutum ya so a gan shi, amma a kira abin da sunansa, kada a jingina shi ga sauti.

Ga wanda zai saya, daidai ruwa daidai tsaki. Ɗaki da situdiyo, wat 1 zuwa 5. Majami'a ko zaure mai miksa, tare da mai ganga, wat 12 zuwa 22 da sifika inci 10 ko 12: Princeton Reverb, Blues Junior, Vox AC15, Deluxe Reverb da makamantansu. Ka je shago da jitarka, ka ce a bar ka ka kai ƙarar rabi ko fiye, domin a lamba 2 duk amfilifaya ladabi take yi. Ragowar kuɗin ka sayi makirufo mai kyau da sitabilaiza.

Idan gwanjo ce, juya bayanta ka karanta kafin ka cusa a bango. Wadda aka yi don Amurka wutar bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. Ba tare da tiransifoma mai rage wuta ba, kunnawa ɗaya ta isa ta ƙone. Kada a taɓa kunna mai bawul ba tare da sifika a haɗe ba, hakan na kashe tiransifomar fitar da sauti, wadda tana cikin mafi tsadar kayan cikinta. Kuma komai ƙanƙantarta, akwai bolt 300 ko fiye a ciki, wanda kan iya zama a maƙale ko bayan an zare ta daga bango. Wanda bai san aikin ba kada ya buɗe.